Kunyar Ɗan Fari Ta Raba Ni Da Ɗana

Ku gyara zama, jama'a, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, a garin Potiskum, tun Turawa na ƙasar nan. Ban yi boko ba, bakin nawa ne, alƙalamin na wani. A lokacin ina unguwar Bolewa ina tuyar ƙosai a ƙofar gida. Mijina falke ne mutumin Kano, ya rasu ya bar mini 'ya'ya maza biyu.

Ciki ɗaya, nono ɗaya, amma kowa da halinsa. Babban tun yana yaro ba ya barci sai ya taɓa ƙyaure ya ji an sa sakata. Shi ya ga shigowar gawar ubansu daga hanyar fatauci, tun daga ranar ya tsani duk abin da zai zo ba sallama. Ƙaramin kuwa, ka ce masa kada ya hau, to neme shi a kan katanga. Bai kai ko'ina ba yake tambayata dalilin da talaka ke tuɓe takalmi in hakimi zai wuce. Da siyasa ta shigo gari sun zama samari, babban ya bi jam'iyyar sarakuna, ƙaramin ya bi ta masu cewa a sauke wa talaka kaya. Na ɗauka daɗin bakin masu lacca ne ya ja su.

To, babban ɗan farina ne. Ba na faɗin sunansa, ba na haɗa ido da shi, ba na zama inda yake. Haka na ga uwata ta yi. In ina da magana, ƙanensa nake aika. Da can ba laifi, amma da siyasa ta shiga tsakani sai saƙona ya riƙa isa da barkono. Na ce a gaya masa ya rage zuwa fada ya kula da rumfarsa ta hatsi, aka je aka ce Inna ta ce ya daina zama karen fada. Kuma yana ganinmu a bakin kasko, ƙanensa na kwaikwayon tafiyar dogarai ina ƙyalƙyala dariya. Abin ne da ban dariya. Ina ruwana da jam'iyya, mu da ko ƙuri'a ba a ba mu?

Ran wata kasuwa ƙaramin ya hau kan buhunan gyaɗa ya yi lacca ba izini, 'yan doka suka tafi da shi. Ga ni ba ɗan aike. Na je na tsaya a bayan zanan ɗakin babban, na ce a gaya wa mai ɗakin nan ƙanensa na hannun hukuma. Daga ciki ya ce ya ji, kuma zai je, ba sai an roƙe shi ba. Ya ce shi ba ƙin talaka yake ba, ai shi ma ɗan mai ƙosai ne, amma ya ga yadda gida ke komawa in babba ya faɗi, ba ya so ya ga gari guda ya koma haka. Ya ce tunda ni da ƙanensa mun zama jam'iyya ɗaya, zai ba mu wuri. Bakina fal da magana, kunya ta riƙe mini harshe. Na ja mayafina na koma bakin kasko.

Ya je fada ya durƙusa, ya tsaya wa ɗan'uwansa aka sako shi. Ƙaramin ya fito yana kumfar baki, wai gara kurkuku da sakin da aka samo da gwiwa a ƙasa. Kafin damina ta faɗi babban ya ɗaure kayansa sai Damagum.

Na daɗe kafin na gane. Ba lacca ce ta raba su ba, ta dai tarar da kowa da ƙaiƙayinsa ne ta sosa masa. Mai tsoro rumfa yake nema, mai jin an danne shi sarari yake nema, kowa kuma yana ganin shi ke son gari da alheri. Iyaye mata, in ɗanku ya rungumi wata aƙida, kada ku tsaya kan tutar, ku tambaye shi abin da ke hana shi barci. Kunya ado ce, amma ran da ɗa ke buƙatar muryar uwarsa, kada a aika wani.

Turawa sun tafi, jam'iyyun nan biyu ma sun bi su. Ƙaramin yana nan unguwar Dogo Nini, furfura ta cika kansa, har yau gardama yake da rediyo. Babban bai taɓa fasa aiko mini da gero duk kaka ba, bai kuma sake kwana a gidan ba har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa ina nan, na ajiye tuya. In 'ya'yansa sun zo gaisuwa nakan zaunar da su kusa da ni, su suke ba ni labarin irin mutumin da na haifa.