Akwatin Ƙarfen Usta Babikir

Ban taɓa mantawa da makon da na haɗa kwamfuta a shagon maƙera a Kasuwar Umdurman ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana, ku saurara.

Usta Babikir, babban maƙerin shagon, ƙofofin ƙarfe yake yi, da alli yake zana su a ƙasa. 'Yarsa Asiya ta gama karatun injiniya, ta nace sai an koma zane a kwamfuta. Ya yarda, amma da sharaɗi. Wani ɗan kwangila zai zo ganin zanen ƙofa ranar Alhamis. In na'ura ta yi aiki, Asiya ta zauna a shagon. In ta ba shi kunya, ta nemi aiki wani wurin.

Ƙarfin aljihunsu kaɗan ne, ni kuwa irin aikin da ke sa ni rawar jiki ke nan. Manhajar zane ba ruwanta da kyan akwati. Abin da take so shi ne RAM mai yawa, wato inda na'ura ke baza aikin da ke hannunta, sai katin hoto mai ƙarfi. Na samo su na hannu a Khartum, na zuba su a wani tsohon akwati mai tsatsa. Ranar Litinin muka kunna. Asiya ta riƙa juya ƙofa a allo kamar waina a tanda, ni kuwa baki har kunne don murna.

Ranar Laraba da hantsi Asiya ta kira ni kan kwamfutar, wadda suke ce wa jihaz. "Yaya, jihaz ɗin yana mutuwa! Ina fara zane sai ya ɗauke."

Na faɗa raksha, wato adaidaita-sahu, sai kasuwa. Ashe Usta ya ga akwatina mai tsatsa, ya ce wannan abin kunya ne a shagon maƙeri. Ya ƙera wani na ƙarfe mai kauri, ya shafa koren fenti, har da kwaɗo, ya kulle kwamfutar a ciki. Ba kafa ko ɗaya sai ta wayoyi.

"Ƙurar ƙarfe ba za ta shiga ba, ya zol," ya ce yana bugun ƙirji. "Zol" mutum ke nan a Larabcin Sudan.

Na taɓa akwatin, na janye hannu ba shiri. "Baba, ƙura ba ta shiga, iska ma haka. Zafi ke kashe ta."

"Numfashi take yi?"

"Wallahi fanka uku gare ta."

Ya ɗauko abin yankan ƙarfe zai huda. Asiya ta riƙe hannunsa. "Tsaya, Baba, bari in zana maka."

Muka fito da kwamfutar ta sha iska. Asiya ta zana tagogi masu irin adon ƙofofinsa, muka buga a takarda, ya manna ya yanka. Ya auna da tef, ya sake aunawa, bai sami kuskure ba. "Tamam!" ya ce. Na sa raga ta ciki saboda ƙura.

Ranar Alhamis na'ura ta yini tana aiki ko tari ba ta yi ba. Ɗan kwangila ya tambayi wanda ya yi zanen. Usta ya nuna 'yarsa. "Ga bashmuhandisar shagon nan." Wato babbar injiniya, ta zauna a shagon ke nan. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Tun daga ranar, ba na barin kwamfuta sai na ga inda za ta zauna, na kuma gaya wa mai ita tana numfashi. Kada ku raina wanda ya lalata na'ura. Sau da yawa tsabar sonta ne ya ja masa.