Na Yi Bankwana da Gari, Na Ɓuya a Wamakko

Edita, ina yi muku sallama tare da fatan alheri. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa. Don Allah a sakaya sunana, ko da yake na san wasu a Sakkwato za su gane ni ko babu suna.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Arkilla. Saurayi ne ni, ban yi aure ba, kuma in faɗi gaskiya ina da ji da kai. Ni ne mai gyara wa mutum Turanci ko bai tambaye ni ba, har a wajen ɗaurin aure. Mahaifina yadi da shadda yake sayarwa a kasuwa. Bai yi boko ba, amma ba abin da ke faranta masa rai kamar in tsaya a bakin rumfarsa ina amsa waya da Turanci, shi kuwa yana satar kallon maƙwabta yana murmushi. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, sauran duk mata ne.

Wata makaranta a wata ƙasar Larabawa ta yi mini tambayoyi ta intanet, ta ce ta ɗauke ni in koyar da yara Turanci na shekara ɗaya. Abin da ya rage shi ne in je Abuja a yi mini gwajin lafiya, in karɓi biza, in hau jirgi daga can. Matar da ta yi mini tambayoyin ta faɗa mini ɓaro-ɓaro cewa ba abin da ya tabbata sai sakamakon gwajin ya fito. Na ce mata to, a raina kuwa dariya nake yi. Ni da ban taɓa kwana a asibiti ba, ni da nake buga ƙwallo kowace yamma, wane gwaji kuma?

Ranar da na gaya wa Baba, kafin la'asar duk layin 'yan yadi sun ji. Yana ta faɗa wa mutane cewa mu da muka koyi Larabci a wajen Larabawa, yau ga ɗansa zai je ya koya musu Turanci. Na ajiye aiki, ɗalibaina suka yi mini liyafa har da masu kuka. Babur ɗina na ba ɗan kawuna. Na wuni ina kallon bidiyo ina gyara lafazi, ina lanƙwasa harshe a gaban madubi, ƙannena suna leƙe suna dariya. Sai kuma bankwana, wadda kun san yadda muke yin ta. Ba gidan dangi da ban shiga ba, daga gwaggonni zuwa kawunnai har malaminmu na allo da ya tsufa ba ya gani sosai. Ko'ina in durƙusa in nemi gafara, a sa mini albarka, a ce in riƙe salla, in kuma tuna da su. Baba ya tara malamai aka yi saukar Alƙur'ani, aka raba waina sadaka. Inna ta cika mini jaka da kilishi da yaji da kuka da daddawa, ta ce ta ji an ce abincin can ba ya da ɗanɗano. Ranar tafiya mota biyu aka cika don raka ni tasha. Baba ya riƙe hannuna ta tagar mota bai saki ba sai da direba ya fara ja.

A Abuja likita ya zaunar da ni ya ce an ga ciwon hanta a jinina, irin wanda mutum kan daɗe da shi bai sani ba, wataƙila tun ina yaro. Ya ce ba hukuncin kisa ba ne, mutane da yawa suna rayuwa da shi idan suna zuwa asibiti, amma ƙasar da zan je ba ta ba mai shi izinin aiki. Wallahi duk bayanin da ya yi kan magani ban ji ko ɗaya ba. Ba lafiyata nake tunani ba. Layin 'yan yadi nake gani, da wainar da aka raba, da gidajen da na durƙusa a ciki. Ina fitowa daga asibitin wayata ta yi ƙara, Baba ne, yana tambaya yaushe jirgi zai tashi. Ban shirya ƙarya ba, kawai na ji bakina ya ce jibi.

Na zauna Abuja ina neman wani aiki har kuɗin hannuna suka ƙare, aiki bai samu ba. Sai na kira wani abokina da muka yi makaranta tare, mai noman albasa a Wamakko, na faɗa masa komai. Ya ce in zo, amma da sharaɗin in huta kwana biyu in wuce gida. Na amsa masa da to. Na sauka kafin mota ta shiga gari, hula a ido, na lallaɓa zuwa wani ɗaki da ke can bayan gidansa. Na cire layin wayata, ina kiran gida ta intanet kawai, don kada a gane ina ƙasar. Inna ta tambaye ni sanyin can, in ce da sauƙi. Baba ya ce in yi masa Larabci ya ji, in karanto masa gaisuwar da na haddace, ya yi ta dariya yana kiran maƙwabcin rumfa ya zo ya saurara. In na kashe wayar sai in zauna in ci kilishin Inna ina hawaye. Kullum ina ce wa kaina gobe zan je, kullum goben ta fi jiya wuya, don ƙaryar ƙaruwa take yi. Abokina ya yi faɗan har ya gaji, ya ce kunyar yini ɗaya nake gudu ina sayen ta shekara. Na ce masa shi bai san Baba ba.

Da damina ta kama, sai na lura Baba ya rage karɓar waya. In na tambaya, Inna ta ce ya fita masallaci, ko ya kwanta. Sau ɗaya na ji muryarsa ta yi ƙasa, na tambaye shi, ya ce mura ce, in mai da hankali ga aikina. Na yarda, don ina son in yarda. Ashe yana kwance, kuma shi da kansa ya hana a faɗa mini, wai kada in bar aikin mutane in taho. Ni ina ɓoye masa ina kusa, shi yana ɓoye mini yana tafiya.

Wata ranar Talata da yamma kawuna ya kira. Ya yi ta zagaye, ya tambayi aiki, ya tambayi gari, sannan ya ce in yi haƙuri, Baba ya rasu da hantsi, an kai shi bayan azahar. Ya ce ba su kira ni da wuri ba don ba amfanin tayar da hankalin wanda ke wata duniya, tunda ba zan riski jana'iza ba. Ya ce da aka zo sa shi a kabari, wani maƙwabcinmu ne ya shiga ya karɓe shi a madadina. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, daga inda nake zaune zuwa ƙofar gidanmu, Keke Napep zai kai ni kafin a gama yi masa wanka.

Kuna tsammanin a ranar na tashi na tafi? Ban tafi ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai. Kawu ya ce wasiyyar Baba ita ce in ƙarasa shekarata, ni kuwa na lafe a bayan wannan magana. Aka yi zaman makoki, aka yi addu'ar uku da ta bakwai, ina ɗaki a Wamakko, mutane suna aiko mini da ta'aziyya zuwa ƙasar waje. Sai da abokina ya rantse cewa in ban fita ba shi zai je ya faɗa wa Inna da bakinsa, sannan na shiga gida, damina ta kusa ƙarewa. Na durƙusa a gabanta na faɗi komai. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi. Sai kawai ta tambaye ni ko ina shan maganin hantar. Daga baya ne ƙanwata ta gaya mini cewa a kwanakinsa na ƙarshe Baba yakan sa a miƙo masa waya, ya duba hotona, ya mayar ba tare da ya kira ba.

Yanzu ina zuwa asibiti, jikina lafiya lau, na koma koyarwa a wata makarantar. Mutanen da na ji kunyarsu sun yi surutunsu na mako guda sun koma harkokinsu. Abin da na guda ke nan, surutun mako guda.

Ina kira ga matasa masu shirin fita waje aiki ko karatu: kada ku yi bankwana sai komai ya kammala a hannunku. In kuma abin ya rushe, ku koma gida a ranar, ku sha kunyar a gaban iyayenku, su ne za su fi kowa rufa muku asiri. Ni ban yi haka ba. Da na roƙi kawu ya kai ni maƙabarta, ruwa ya riga ya baje ƙasar, an kuma ƙara sababbin kaburbura a layin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna mini wuri ya ce ko wannan ne, ko na kusa da shi. Har yau in na je, a tsakaninsu nake tsayawa in yi wa duka biyun addu'a.