Tallan Da Na Sa Aka Cire

Shekarar da Baba ya rasu ina aiki a wani kemis a Sabon Gari, wajen wata mata Ibo da muke kira Madam. Akwai wani talla da ake sawa a talabijin kafin labaran yamma, na wani magani a kwalba. Wani mutum ne mai baki kamar reza yake tsaye a tsakiyar kasuwa, wai maganinsa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir, saura kaɗan ya ce yana tayar da matacce. Tsofaffi suka fara ajiye ƙwayoyin asibiti saboda shi. Ran Madam ya ɓaci, nawa ya fi nata. Ta ce mu kai ƙorafi hukumar da ke sa ido kan gidajen talabijin. Ni na juya mata maganar mutumin zuwa Turanci, na sa hannu a ƙasan nata, ina jin kaina kamar wata lauya.

A lokacin Inna, mahaifiyata, tana takaba a gidanmu na Fagge, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Da an sako tallan nan sai ta matso da tabarmarta, ta ce kowa ya yi shiru. Abin ya riƙa ba ni haushi.

"Inna, wallahi ƙarya yake zubawa."

"Na sani. Matsa min, kin tare."

Bayan 'yan makonni hukumar ta amsa. Sun kalli tallan, sun nemi mai maganin ya kawo shaida bai kawo ba, sun ba da umarnin a dakatar da tallan. Madam har lemo ta saya mana.

Kwana uku Inna tana zama a gaban talabijin, labarai su zo su wuce. Rana ta huɗu ta kashe, ta shige ɗaki. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta ja ni gefe.

"Ke ba ki taɓa lura ba? A kasuwar Singa aka ɗauki tallan nan. Babanku ne yake wucewa ta bayan mai maganin, da makullan shago a hannu, yana ɗan ɗingishin nan nasa."

Sau nawa na kalli tallan nan, bakin mutumin kawai nake kallo. Ita kuwa Inna, macen da ko sunan mijinta ba ta taɓa kamawa ba don kunya, ta yaya za ta ce wa 'yarta shi take jira?

Na je ofishin hukumar neman kwafin tallan don Inna. Wani jami'i ya saurare ni, ya yi min ta'aziyya, ya tura ni gidan talabijin. Can suka ce mai maganin ya kwashe kayansa cikin fushi, an ce ya koma talla da lasifika a mota. Na bi kasuwanni ina tambaya har na gaji.

Har gobe ban ce mun yi kuskure ba, maganin nan zai iya kashe mutum. Amma ina kewar Baba, kuma ina jin zafin yadda ya riƙa wucewa ta gabana kullum ban ɗaga ido ba. Inna ta yi shekara shida bayansa. Har ta koma ga Allah ban iya gaya mata cewa da hannuna a takardar ba.