Jirgin Safen da Ba Mu Hau Ba

Mu a Gadarif layin dogo muke da shi, jirgi ne babu. Layin na nan kwance, awaki na hutawa a kansa, yara na gasar tafiya a kan ƙarfen ba tare da sun faɗo ba. 'Yata ta fari ta fi kowa iya wannan wasan, kuma ita ce ta dame ni da tambayar yaushe jirgin zai zo. Nakan ce mata ya tsaya shan ruwa a hanya.

Tana aji huɗu muka lura da idonta. Da rana ƙalau take, amma magariba na yi sai ta fara lalube, ta yi karo da randa, ta taka kwanon tuwo. Kakarta ta ce dundumi ne, a ba ta hanta. Mun ba ta hanta har ta tsani warinta. Shekarar da riɗi ya yi kyau a gonar maigidana ta wajen Doka, sai ya ce idan an ba da hutun makaranta za mu Masar, a duba yarinyar, yara kuma su ga duniya. Ga mutanen unguwa hutu kawai muka ce za mu. Ya hana a ambaci ido, wai magana irin wannan bin 'ya mace take yi har ranar da za a zo neman aurenta.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da ya biyo baya. Ba ka fita ƙasar waje da jakarka kaɗai. Labari na bazuwa aka fara sallama: wannan da ƙullin daddawa zuwa ga ɗanta mai karatu a Alƙahira, wancan da galan ɗin man riɗi na ƙanwarsa da ke jinya, wata da yajin agashe, tsirenmu na nan, wata da busasshiyar kuɓewa, kamar an ce Masar babu kasuwa. Kuma saƙo ba a aika shi da direba. Hannu da hannu ake bayarwa, ka zauna, ka ga mutum da idonka, don in ka dawo za a tambaye ka ko ya rame. Maigidana bai iya cewa a'a ba. Ko jaki aka kawo masa zai nemi inda zai ɗaure shi a jirgin sama.

Likitan Alƙahira bai ja mu da nisa ba. Ya haska idon, ya sake haskawa, ya sa aka fita da yarinyar, sannan ya ce ciwon na gado ne, ba shi da aiki ba shi da magani. Ganin dare ne ke fara tafiya, daga nan na gefe, a hankali na rana ma ya bi. Yaushe? Bai sani ba. Ya ce mu bar ta ta kalli duk abin da take so tun yanzu. Da muka fito, a bakin titi na tambaye ta me take so ta gani a garin nan, ta ce gatar da bahar, wato jirgin ƙasa da teku.

To ni dai malamar firamare ce, in baƙin ciki ya kama ni tsari nake yi. Na zauna da wayata da matar mai gidan da muka kama haya, na tsara mana 'yan tafiye-tafiye, duk na yini ɗaya, a je a dawo. Iskandariyya don bahar. Isma'iliyya don manyan jiragen ruwa da aka ce suna wucewa kamar a kan rairayi. Da wata 'yar gajeriyar tafiya zuwa wani gari na kusa, don a fara gwadawa, saboda ƙanenta ko a bas ɗin Shuwak, nan kusa da garinmu, amai yake yi. Na tambayi ɓangaren da rana ba ta dukan taga. Na tambayi ko akwai banɗaki a ciki, ko ana barin a shiga da abinci. Na sayi leda, lemon tsami da biskit. Sharaɗi ɗaya ne ba na wasa da shi: jirgin safe. Mu isa da hantsi, ta sha kallo, mu juyo tun rana na sama.

Na kai wa maigida tsarin, ya ce tamam, amma a fara sauke amanar mutane, kada daddawar nan ta cika mana ɗaki da wari.

Haka muka shiga raba saƙo. Mutanenmu a Alƙahira ba wuri ɗaya suke ba, kowa da kusurwarsa, cunkoson motoci kuma ya cinye rabin yini. In ka isa, ba ka miƙa leda ka juya. A kawo ruwa, a kawo shayi, a tambayi kowa na unguwa ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya rasu ba su ji ba, sai a ɗaga hannu a yi fatiha a yi kuka sabo. Kafin ka miƙe an ɗora tukunya. Kowane gida kuma sai ya nuna maka wani gidan da zai ji haushi in ya ji kun zo ba ku leƙa ba. Yarinyar na zaune a gefen kujera da takalminta a ƙafa, tana kallona.

Na yi faɗa, ba ban yi ba. A ɗaki na ce masa, "Malam, man riɗi ba ya makancewa. Mu je goben nan."

Ya ce, "Ya ke, yi haƙuri. Saura kaɗan, halas, mun gama. Bahar ba gudu zai yi ba."

Shi ma fa ba mugu ba ne. Na sha ganinsa ya tsaya yana kallonta tana barci. Ina jin raba saƙon ya fi masa sauƙi a kan ya zauna kusa da ita a taga yana sanin dalilin tafiyar. Amma na ji haushinsa a lokacin, kuma har yau in na tuna ina ji.

Aka wayi gari saura mana yini ɗaya. Na riga na haƙura da Isma'iliyya da tafiyar gwaji, na ce Iskandariyya ko ana ha-maza-ha-mata. Saƙo ɗaya ya rage, na goggonsa, tsohuwa da ke zaune wajen ɗanta kusa da tashar jirgin. Ya ce a kan hanya take, miƙawa kawai za mu yi. Muka fita da sassafe, yarinyar ta sa rigarta ta salla.

Tsohuwar na ganinmu ta rungume shi tana kuka. Da ta ji za mu wuce, sai ta dafa ƙofa ta ce, "Wallahi tallahi ba ku fita gidan nan sai kun ci gada. Ɗan ɗan'uwana ya zo daga balad, tun daga gida, ya sha ruwa ya tafi? Ayb, abin kunya." Gada kuwa abincin rana ne, kuma a can sai wajen la'asar ake cinsa. Babba ta rantse, wa zai sa ta kaffara? Na dubi maigida, ya dubi ƙasa. Kalma ɗaya ce za ta buɗe ƙofar nan, a ce mata yarinya ce ke rasa ido. Shi ya hana a faɗa. Ita kuma 'yata ce ta fari, wadda ko sunanta ba na kira a gaban manya, balle in tsaya gaban surukata ina yi mata roƙo. Na ce dai, "Goggo, yara ne ke son ganin gatar."

Ta ce, "Gatar na nan har dare, 'yata. Zauna ki taya ni gyaran tattabaru."

Na zauna na fige tattabaru.

Jirgin la'asar muka samu. Na ba ta taga. Ta manna goshi da gilashi, tana kiran duk abin da ta gani: ga bauna, ga mai keke da rake, ga gona kore shar babu ko tsinken ƙaya. Ta ce ashe jirgi ba ya girgiza kamar lori. Na ɗan lokaci ta yi murna, ban manta ba, ba kuma zan rage mata wannan ba. Sai hasken ya fara ja. Kiran abubuwa ya ragu, ya ragu, ta koma ta jingina. Ƙanenta bai yi amai ba ko sau ɗaya.

Muna sauka ana kiran magariba. Kafin tasi ta kai mu bakin ruwa, ɗan jan da ya rage a sama ya ƙare. Mu muna iya ganin kumfa da fitilun jiragen kamun kifi. Ita ta riƙe hannun babanta gam, ta juya fuska wajen ƙarar, iska na kaɗa ɗankwalinta. Ta ce, "Baba, shi ne wannan?" Ya ce shi ne. Ba mu iya kwana ba, jirgin samanmu na komawa gida na safe ne.

Da muka dawo Gadarif gidanmu ya cika. Kowa na sa albarka, ana cewa ba a taɓa ganin masu riƙon amana irinmu ba, ko ƙulli ɗaya bai ɓata ba. Maigida ya ce baɗi za mu koma, ba za mu gaya wa kowa ba. Baɗi riɗi bai yi ba. Daga baya ƙasar ta rikice, garin ya cika da mutanen da suka baro gidajensu, mai maganar hutu sai wanda ya zautu. Yanzu ganinta ya tsuke, da rana ma sai ta juya kai gaba ɗaya kafin ta ga wanda ke gefenta. Ta daina zuwa wajen layin dogo.

Kwanakin baya ina tsintar dawa a tsakar gida, na ji ta da 'ya'yan maƙwabta suna gardama a bakin ƙofa. Ɗaya ta ce bahar shuɗi ne, ta gani a talabijin. 'Yata ta ce, "La, baƙi ne. Ni na je, a gatar ma. Baƙi ƙirin ne, sai dai ƙara." Suka ƙi yarda, sai ta ɗaga murya ta ce, "Inna, ba baƙi ba ne?"

Na ce mata baƙi ne, na ci gaba da tsintar dawata.