Shebur ɗin Arnfinn Moen

A shekarar 1942 Hezekiah Pusey ya fara haɗuwa da Arnfinn Moen, a can ƙasan wani jirgin ruwan Norway mai jigilar kwal daga Cardiff ta ƙasar Wales. Aikinsu ɗaya ne, zuba kwal a bakin wuta. Hezekiah ya taso a wani ƙauyen kan tudu a Jamaica, inda 'yan mishan suka koya masa karatu da waƙoƙin coci da goge takalmi. Arnfinn kuwa ɗan masunta ne daga arewacin Norway, yaƙi ya tare masa hanyar gida. In suka tashi daga aiki ƙurar kwal takan mai da su launi ɗaya, har kuku yakan ce sai sun yi wanka zai san wanda zai ba babban kwano. Da wasa yake faɗa, amma ranar biyan albashi kowa yakan ga gaskiyar maganar, don na Bature ya fi.

Da yaƙi ya ƙare dukansu suka sauka a Cardiff, a nan hanyarsu ta rabu. Mutanen Norway suna da ɗan cocinsu fari a bakin ruwa, inda ake shan kofi a karanta jaridun gida. A can wani mai kantin kayan jirgi ya ga Arnfinn ya ɗauke shi aiki, yana sayar da igiya da fenti da shebur. Ba a daɗe ba banki ya ba shi rance, ya auri 'yar Wales, ya sayi gida a Penarth, a kan tudun da ke kallon teku. In ya yi shiru ba mai cewa baƙo ne, shi kuwa dama shiru abincinsa ne.

Hezekiah ko ya yi shiru ko ya yi magana duk ɗaya ne. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa neman haya, in ba a Butetown ba, unguwar baƙaƙen fata ta bakin tasha, sai a dube shi a ce yanzun nan aka kama ɗakin. Ya zauna a unguwarmu Butetown ɗin, yana baje kwal a cikin jirage a tashar ruwa. Banki bai san da zamanmu ba, adashi muke yi, da shi kuma ya ɗauko matarsa Merle daga gida. Suka haifi Desmond, sannan Blossom.

A watan Fabrairun 1956 sanyi ya kama ƙirjin Blossom, tana da shekara huɗu, ta rasu.

Mu ba ma juya wa kabari baya yana buɗe. Maza sukan tuɓe kwat su rufe da hannunsu, mata suna waƙa, sai an tara ƙasa an jera furanni sannan a watse. Amma shugaban ma'aikatan maƙabartar a lokacin sabo ne, ya kulle shebur a ɗaki ya sa makulli a aljihu.

"Ku je gida ku sha shayi," in ji shi. "Yarana za su rufe bayan sun ci abincin rana."

Cleveland, abokin Hezekiah, ya taso masa. "Bayan abincin rana? 'Yar mutane ce a ciki ko shara muka zubar?"

"Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

Merle ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa da kayan cocinta, ta ce ko za a kwana ba za ta tashi ba. Hezekiah ya durƙusa ya fara tura ƙasa da tafin hannu, ƙasar kuwa sanyi kamar ƙanƙara.

Can baya akwai wani dogon Bature sanye da baƙar kwat, hularsa a hannu. Ba wanda ya gayyace shi, ba a kuma san inda ya ji labari ba. Sai aka ga ya juya ya nufi ƙofa.

"Ga mutumin jirginka can ya ga rigima ya tsere," Cleveland ya ce.

Ba a gama waƙa ta biyu ba sai ga motar kanti ta shigo har bakin kaburbura. Arnfinn ya sauko da shebur huɗu sababbi fil, takardar farashi na lilo a jikinsu. Ya miƙa wa Hezekiah ɗaya, ya rataya kwat ɗinsa a kan wani gicciye, ya shiga laka da takalmin ofis. Shugaban ma'aikatan ya buɗe baki, ya dubi kwat ɗin, ya dubi motar, ya mayar da bakinsa ya rufe. Suka yi aikin yadda suka saba a jirgi, ɗaya na ɗiba ɗaya na zubawa, ba mai karo da wani, har kabarin ya tashi.

Da aka jera furanni, Arnfinn ya tsaya kusa da Hezekiah yana share hannu.

"A wurinmu fasto yakan zuba ƙasa sau uku da ɗan shebur kamar cokali, sai kowa ya tafi shan kofi," ya ce. "Haka muka bar babana, a buɗe. Ina tafiya ina waiwaye." Ya dubi kabarin, ya ƙara da cewa, "Naku ya fi."

Hezekiah ya tattaro shebur ɗin zai mayar masa mota, Arnfinn ya girgiza kai. "Sun taɓa ƙasa, ba za su sayu ba. Riƙe su."

Tun daga ranar Hezekiah ya san akwai nauyi a kansa, ya kuma ƙudurta sai ya sauke. Bayan Ista, Merle ta dafa naman akuya da shinkafa da wake, ta naɗe tukunyar da tawul. Ya ɗauka ran Lahadi ya hau bas zuwa Penarth, bai aika ya ce yana tafe ba, don a wurinmu ba a neman izinin kai wa mutum abinci. Matar Arnfinn ta buɗe ƙofa, ta dubi tukunyar, ta saci kallon tagogin maƙwabta. Ashe suna da baƙi daga coci, ana kan tebur. Arnfinn ya fito da tsumman goge baki a wuya, ya shigar da shi kicin, ya zuba masa kofi. Suka zauna suna kallon kofunansu, dariyar baƙi tana shigowa ta ƙasan ƙofa.

Washegari motar kanti ta kawo tukunyar, an wanke ta tas, an cika ta da busasshen kifi da ƙunshin kofi mai tsada.

Merle ta buɗe ta riƙe haɓa. "To, Zekky, ya biya mu ke nan, har da ƙari. Mutumin nan ba ya son a yi masa komai."

Mutanen Norway haka suke, kunya suke ji alherin wani ya kwana a hannunsu. Arnfinn ladabi ya yi a ganinsa. Hezekiah kuwa ji ya yi an tura masa ƙofa a hankali. Daga ranar in suka haɗu a ƙofar tasha, Arnfinn ya ce "Pusey," shi kuma ya taɓa hula ya ce "Mista Moen." Sunan da yake kiransa da shi a jirgi bai sake fita daga bakinsa ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Hukuma ta rushe tsofaffin layukanmu, aka watsa mutane cikin dogayen benaye. Cinikin kwal ya mutu, jirage suka ɗauke ƙafa. Desmond ya tafi Toronto. Merle ta rasu a 1979, da shebur ɗin nan aka rufe ta, kamar yadda aka rufe da yawa daga cikinmu. Uku sun ɓace a hannun masu aro, ɗaya ya rage a bayan ƙofar Hezekiah, ya sake masa ƙota sau biyu. Daga tagar ɗakinsa ana hango tudun Penarth. Yakan zauna da shayi ya yi ta kallo, yana tunanin abin da mutum zai ba wanda bai rasa komai ba.

Sau ɗaya suka yi doguwar magana bayan nan. Wata rana da hantsi Hezekiah ya bi ta bakin ruwa, ya tarar da Arnfinn zaune kan benci gaban cocin mutanen Norway, wanda aka daɗe da rufewa, tagogin duk a farfashe. Ya rame, yana dogara sanda.

"Pusey."

"Mista Moen. Ina uwargida?"

"Ta rasu bara."

"Ubangiji ya ba ta hutawa. Yaron fa?"

"Gareth yana Aberdeen, aikin mai. Yana da kirki, yakan bugo waya ran Lahadi." Ya nuna cocin da sanda. "Ko addu'a ɗaya bai iya da harshenmu ba."

"Ina sauran mutanenku suka shiga?"

"Ba inda suka je. Sun zama mutanen nan, shi ke nan. Ku fa?"

"Mu har yanzu ba a bar mu mun zama ba," in ji Hezekiah.

Arnfinn ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Hezekiah ya so ya ce masa ya zo su ci abinci, sai ya tuna tukunyar, ya haɗiye maganar. Suka zauna har ruwa ya fara yayyafi, kowa ya kama hanyarsa.

A kakar 1988 Cleveland ne ya kawo labarin, suna buga domino a zauren coci su biyu, don sauran abokan wasan duk an rufe su.

"Kai, tsoho, Baturenka ya tafi. 'Yata Pauline ce ke jinyarsa a gidan tsofaffi. Ta ce wata shida ba wanda ya leƙo shi sai ɗan, sau ɗaya. Jibi za a kai shi."

Hezekiah ya kife ƙwayoyinsa. "Za ka raka ni?"

"Da wace ƙafa? Wadda likita ke zawarci?" Ya ƙura masa ido. "Kar dai ka ce min shebur za ka ɗauka."

"Shi zan ɗauka."

"Da wannan bayan naka mai kama da ƙugiya? Za ka faɗa ciki a rufe ku tare, hukuma ta huta da haƙa biyu. Yanzu fa da inji ake rufewa, Heze. Mutumin ma ko gayyatarka aka yi?"

"Shi gayyatarsa muka yi?"

Cleveland ya yi tsaki, ya tattara ƙwayoyin. "To ka sa rigar sanyi a ciki. Ba ni da ƙarfin rufe ka a wannan watan."

Ranar jana'izar Hezekiah ya goge takalmi, ya sa baƙar kwat ɗin da ya binne Merle da ita, ya naɗe bakin shebur da jarida. Direban bas ya dube shi ya ce, "Kaka, zinariya za a haƙo? A tuna da mu." Ya ce za a tuna.

Mutum huɗu ya tarar a bakin kabari: Gareth da matarsa, da wani matashin fasto, da wata mata daga gidan tsofaffi. Hezekiah ya tsaya can baya, hularsa a hannu. Fasto ya yi karatu a gaggauce don iska tana kaɗa masa shafi, aka watsa 'yar ƙasa kan akwatin, matar Gareth ta duba agogo. Suka juya suka nufi mota. Nesa kaɗan wani ma'aikaci yana zaune a kan ɗan injin haƙa, yana jira su ɓace.

Hezekiah ya rataya kwat ɗinsa a kan dutsen kabarin da ke kusa, ya kwance jaridar. Ma'aikacin ya sauko, da alama ya taɓa ganin jana'izarmu.

"Naku ne, baba? Na ɗauka Bature ne."

"Namu ne."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya koma ya kunna sigari.

Ƙasar tana da nauyi, ruwa ya jiƙa ta. In ya zuba kaɗan sai ya tsaya ya dafa ƙota, ya jira ƙirjinsa ya lafa. Ba mata masu waƙa, don haka ya riƙa yi da kansa ƙasa-ƙasa, waƙar da aka yi wa Blossom, numfashi yana yanke masa ita a tsakiya. Yana cikin haka Gareth ya dawo ɗaukar lemar da ya manta. Dogo ne kamar ubansa. Ya tsaya yana kallon tsohon.

"Har yanzu da hannu kuke yi? Da shekarunka ai ya kamata su ba ka hutu. Na gode, kuna ƙoƙari."

Hezekiah ya dube shi. Da ya so, da ya ba shi labarin jirgin, da motar kanti, da takalmin ofis a cikin laka. Amma matar tana danna hon.

"Aikinmu ne," ya ce. "Sauka lafiya."

Rana ta karkata kafin kabarin ya cika. Ma'aikacin ya zo sau biyu ya ce a bar masa sauran, Hezekiah ya ce ya gode. Ya tara ƙasar ta yi tudu, ya daddaɓe gefe da bayan shebur yadda ruwa ba zai zaizaye ba, ya ɗauko furannin da aka yasar a gefe ya jera su daga kai zuwa ƙafa. Ya sa kwat, ya ɓalla maɓallai har wuya.

"To, Arnfinn," ya ce. "An rufe ka."

Ya goge bakin shebur ɗin da ciyawa, ya mayar da jaridar, ya nufi tashar bas yana dogara shi kamar sanda.