Ruwan da Ya Ci Ɗakin Iya

Shekarar da na haifi 'yata ta fari muna haya a wani gidan ƙasa a gangaren Nasarawa Gwom. Bayan gidan akwai wani ɗan rafi, wanda in rani ya yi ko kaza tsallake shi take yi. Maigidana mahauci ne, tun asuba yake tafiya Abbatuwa, sai la'asar. Yawancin wunina da Iya nake yin sa.

Iya Bayarabiya ce, ɗakinsu ne a can ƙurya, jikin rafin. Tana da injin markaɗe a ƙofar gida. Mijinta, da muke kira Baba, tsohon direban tirela ne, ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, in hantsi ya yi ta roƙi maza su fito da shi ya sha rana. Ta fi shekara talatin a Jos, amma Hausarta ba ta san mace ba ta san namiji ba. Ni amarya take ce mini har bayan na haihu.

A bakin teku aka haife ta. Wata rana muna tsintar wake ta ba ni labarin ƙauyensu, inda ruwan sama kan haɗu da na teku ya kwana a ɗakunan mutane.

"Gida na babana yanzu kifi ne a ciki," in ji ta. "Kabari na mamana ma ruwa ya ɗauka. Ban san inda zan tsaya in yi masa addu'a ba."

Shi ya sa ko yayyafi aka fara sai ta bar injin ta je ta leƙa rafin.

Ranar da abin ya faru cikin watan Agusta ne, bayan azahar. Hadari ya taso daga wajen Naraguta, gari ya yi duhu. Da ƙanƙara aka fara, tana dukan kwano har ba na jin kukan 'yata. Daga nan ruwa ya kece. Na tara bokiti inda ke yoyo, na hau gado ina ba ta nono. Ban ankara ba sai na ga takalmana suna yawo a tsakar ɗaki.

Iya ta banko ƙofa, zanenta a jiƙe.

"Amarya, goya yaro naka. Fita yanzu."

"Iya, bari in ɗauke keken ɗinkina."

"Bar shi. Fita."

Ita ta ɗora mini yarinyar a baya, ta ɗaure majanyin da hannunta. A tsakar gida ruwa ya kai mini gwiwa, ja jawur, da leda da itace yana tafe da su. Na ce, "Baba fa?" Ta ce ta tura shi kan tebur, ba za ta iya ɗaukarsa ita kaɗai ba, maza za ta kira. Ta riƙe hannuna muka haura layin, ruwa na neman kwashe mana ƙafa, har barandar wani bene da mata suka taru. A nan ta sake ni. Ta tsaya ƙofar masallacin da ke gefe tana kiran mutane, maza uku suka fito suka bi ta.

Daga inda nake tsaye ina hango kwanon gidanmu. Na ga sun shiga. Jim kaɗan sai na ga kwanon ɗakin ƙurya ya sunkuya, ya zauna. Ƙarar ruwa ba ta bari na ji faɗuwar bangon ba.

Rafin ne ya ci gindin bangon ta baya. Iya ta riga mazan shiga, azara ta faɗo ta karya mata hannu, suka jawo ta waje tana fizgewa. Baba kuwa sai da ruwa ya tsagaita, wajen la'asar sakaliya, aka tono shi. Maigidana, da ya taho a ƙafa daga Abbatuwa don babu abin hawa, yana cikin masu tonon. Ya ce mini a kan teburin suka same shi, an lulluɓe shi da bargo har wuya, yadda ta bar shi.

Washegari aka kai shi makwancinsa. Mu kuma muka koma gidan surukata da ke kan tudu, muka tafi da Iya. Mai ɗori ya ɗaure mata hannun. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai dai kullum in hantsi ya yi takan miƙe kamar mai shirin kiran wani, ta tsaya, ta koma ta zauna.

Sau ɗaya na yi ƙarfin halin yi mata maganar da ke cina.

"Iya, da kin wuce kin kira maza tun farko, ba ki tsaya kaina ba."

Ta dube ni.

"Ƙofa naka ne a hanya," ta ce. "Zan wuce in bar jariri? Baba ma ba zai yarda ba. Kar ka sake faɗa."

Ban sake ba.

Bayan sadakar arba'in babban ɗanta ya zo daga kudu ya ce zai tafi da ita. Ta so ta zauna kusa da kabarin Baba, amma hannun bai koma daidai ba, injin kuma laka ta kashe shi. Na raka ta tasha. Ta karɓi 'yata ta rungume da hannu ɗaya, ta yi ta yi mata addu'a da Yarabanci har yaran mota suka fara ɗaga murya.

Mun yi waya 'yan lokuta. A ta ƙarshe muryarta ta yi ƙasa sosai, ta tambaye ni ko yaro ya fara tafiya. Na ce ta fara, har tana ɓarna. Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, ɗanta ya karɓi wayar. Da azumin shekarar ya kira maigidana ya ce Iya ta rasu.