Jika Biyar Ta Raba Ni da Injin Tur a Yamai

Talata: Dogon Dutsi zuwa Yamai

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na hau kamiyon gyaɗa, jika talatin ɗaure a lalitata. Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, anasaru na ta kwashe kaya, kawuna Isa tela ya aiko cewa wani anasara a Yamai zai sayar da ɗan injin tur, wanda ke juya ƙarfe yana fere shi. Ni mai gyaran keke ne, shekara tara ina goge ƙusa da magagari har yatsuna sun yi kanta.

A Doso jandarma ya tsare mu awa guda kan takarda. Direba ya ce, "Haƙuri, malam, tuta ce ta sake, shinge na nan." Na ci tuwon dala biyu, miyar kamar ruwan wanki. Kilomita wajen ɗari biyu da saba'in, sai magariba muka shiga unguwar Bukoki, gidan kawu.

Laraba: gidan anasara

Ƙarfe tara kukun anasaran, wani Bazabarme, ya shigar da mu. Wayyo, ga abin nan kan tebur, bai fi keken ɗinki ba, kuma da ƙafa ake taka shi, babu ruwansa da lantarki! Wai ran Lahadi anasaran yake wasa da shi, yana fere ƙafafun jirgin ƙasa na yara. Abin da zai ciyar da gidana, shi wasa yake da shi.

Kuku ya nuna anasaran, wanda yake kira Mushe, ya ce, "Mushe ya ce jika talatin."

Kawu ya raɗa mini, "Ɗana, biya mu tafi."

Ni kuwa ɗan kasuwar Dutsi, ina zan biya kuɗin fari? Na taya ashirin, na hau ashirin da biyar. Anasara ya girgiza kai. Na saɓa riga na fita a hankali, ina jiran a ce dawo. Har bakin titi ba wanda ya kira ni.

"Gobe zai sauko," na ce wa kawu.

Alhamis

Ƙarfe bakwai ina ƙofar gidan. Tebur wayam. Kuku ya ce, "Mushe ya ce kai ba ka so. Jiya la'asar ya buga shi cikin akwati, mota ta tafi Kwatano, sai jirgin ruwa."

"Ga talatin ɗin a jikina!"

"To, jiya ba su jikinka?"

Wallahi na ji kamar in mari kaina. Na zaga Babbar Kasuwa, na haye kogi da kwalekwale har Lamorde wajen wani maƙeri, babu mai irinsa.

Juma'a: gida

Na sauka Dutsi bayan la'asar. Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa kawu Isa da ya ci da ni kwana uku bai goranta mini ba. Maƙwabta suka taru su ga inji. Na buɗe rumfa a gabansu, na ɗauko magagarina.